Wandon Marlys a Rumbun Masara

Duk macen da ta shiga ƙungiyarmu ta mahaya keke, kafin ta riƙe sunan shugabarmu ta riga ta san muryar Marlys Tjaden. Za ki sauka daga kan sirdi a gajiye, maƙogwaro ya bushe, idonki na neman inuwa, sai ki ji daga bayan mota an ce, "Cire shi tukuna." Babu sannu da zuwa, babu yaya hanya. Sai kin shiga tanti kin tuɓe gajeren wandon keken, kin miƙo shi ta ƙofa, sannan Marlys take tuna cewa ke ma 'yar mutane ce, ta miƙo miki yankan kankana mai sanyi.

Ni ce sakatariyar ƙungiyar, sunana Joleen. Akawu ce ni a ofishin gunduma, sashen rajistar filaye, shi ya sa duk abin da ake so a rubuta a ajiye ni ake ɗora wa. Da ta tabbata Marlys za ta bar Iowa a kakar bana, matan suka ce in rubuta wani abu a kanta tun kafin kowacce ta fara ƙara wa labarin gishiri. To ga shi bi da bi, yadda na gani da yadda ita ta gaya mini.

An haifi Marlys a wata gonar shanu da ke arewa da garinmu, Tillford, ita ce babba a ɗakinsu. Tun ba ta kai tsayin igiyar shanya ba take hawa kan bokiti tana maƙala zanen gado. Bayan ta auri Harlan ta sami aiki a ɗakin wanki na gidan kula da tsofaffi, kuma a can ta zauna har ta yi ritaya. Ta sha gaya mana cewa a can ta yi karatun da ya fi amfanarta, wato fata ba ta yafe wa danshi. Tsoho ya kwana kan zane mai laima, ko mai ɗan ninki a ƙasansa, gobe gyambo ya fara leƙowa. Duk abin da ta zo ta yi mana daga baya, daga wannan karatun ya fito.

Harkar keke kuwa 'yarta Renae ce ta jawo ta gidan. Tana budurwa ta bi ayarin da ke ƙetare jiha kowane ƙarshen Yuli, a tsoma tayar baya a kogin Missouri, a yi mako guda ana tafiya, a tsoma ta gaba a Mississippi. A lokacin wandon keke duk na maza ne, da jemammiyar fata a hantsa, ga wani ɗinki mai kauri da ya ratsa ta tsakiya, daidai inda bai kamata ba. Renae ba ta kai rabin jiha ba aka dawo da ita a bayan a-kori-kura, kwance rub da ciki. Kwana da kwanaki a tsaye take cin abinci. Uwar ba ta yi mata faɗa ba. Wandon ta ɗauka ta kai bakin taga, ta juya shi baibai ta daɗe tana kallo, sannan ta farke ɗinkin, ta yanko yadi mai laushi ta ɗinka shi ta gefe da gefe, ta bar tsakiyar sumul. Da shekara ta zagayo Renae ta koma hanya, uwar kuma ta bi ta a motar Harlan da baho biyu da igiya da sabulu. Ƙawayen Renae suka ga wandonta kullum a bushe, nasu kullum yana tsami, sai suka fara kafa tantinsu kusa da motar. In ana son gaskiya, bahon Marlys ne ya tara ƙungiyarmu, keke daga baya ya sami yabon.

Yanzu Renae ta daɗe da komawa Arizona da mijinta, Harlan ya rasu, wandunan ma sun canza: soso ne mai laushi a hantsar, an yanka shi daidai jikin mace. Marlys kaɗai ce ba ta canza ba. Har yanzu wando ba ya minti biyar a jikin mai shi bayan an sauka, domin gumi mai ɗumi a cikin soso gonar ƙuraje ce. Tana juya shi baibai, ta tsoma a ruwan sanyi da sabulu marar ƙamshi, ta cuɗa soson da tafin hannu a hankali kamar mai wanke kan jariri, ta ɗauraye har sai ruwan ya fito garau. Ruwan nan mai ƙamshi da ake zuba wa tufafi don su yi laushi ba ya shiga motarta, ta ce toshe soson yake ya daina shan gumi. Bilic, ruwan nan mai faranta tufafi, yana cin roba. Safar hannu mai ƙaya-ƙaya ba ta haɗa baho da wando, tana tsage shi. Injin busar da kaya kuwa, in kin ambace shi a gabanta sai ta dube ki kamar kin zagi mamacinta.

Kuma ba a murɗe wando. Shimfiɗa shi ake yi kan tawul, a naɗe kamar tabarma, a ajiye a ƙasa a hau a tattaka. Wannan ne sashen da muka fi so. Kowace yamma za ka ga mata goma sha wani abu, daga mai furfura har 'yar jami'a, babu takalmi, suna tsalle kan tawul rediyon mota na kiɗa, maƙwabtan tanti sun taru suna tafi. Rawar tawul muke ce mata. Daga nan a shanya, soson yana fuskantar rana.

Sauran dokoki biyu Marlys ba ta faɗinsu a bainar jama'a. Duk sabuwar shiga sai ta ja ta bayan mota ta yi mata raɗa. Ta farko: ba a aron wando, ba a ba da aro, ko da uwarku ɗaya. Ta biyu ita ce dalilin ta farko: ba a sa komai a ƙarƙashinsa. Auduga tana riƙe gumi, bakin kamfai kuma ɗinki ne, ɗinki kuwa a kan sirdi zarto ne. Ni ma ranar da ta yi mini raɗar nan kunnuwana sai da suka yi zafi. Connie Hruska, wadda ita ce bakin ƙungiyarmu, mai gyaran gashi a Tillford, takan tsaya nesa tana kallon fuskar sabuwar, da ta ga ta yi ja sai ta ce an yi wa wata baftisma.

Duk shekarun nan Marlys ba ta taɓa hawa keke a cikin ayarin ba. A ranar ƙarshe takan riga mu isa bakin Mississippi, ta tsaya kan ciyawa da tawul a kafaɗa tana kallo muna gangarowa muna ihu, muna tsoma taya, muna ɗaga kekuna sama. Ita ce mai riƙe mana jaka a kowane hoto.

A farkon bazarar bana, a taronmu na ɗakin ƙasa na coci, ta miƙe ta ce tana da magana biyu. Ta sa gidanta a kasuwa, gwiwoyinta sun gaji da sanyi, za ta koma wurin Renae kafin ƙanƙara ta sauka. Kafin mu gama haɗiye wannan ta ce ta sayi keke. Ta ce ba za ta bar Iowa ba sai ta tsoma tayarta a kogin nan da kanta, a ranar ƙarshe, da ƙafarta ba da mota ba. Ɗakin ya kaure da shewa. Connie ta hau kan kujera. Aka shirya cewa mijin Connie zai zo ya karɓi tuƙin motar a kwana biyun ƙarshe: ranar Juma'a Marlys ta yi rabin hanya don gwaji, ranar Asabar ta yi duka har kogi.

Ta yi shiri, ba wasa. Tun da sassafe ake ganinta kan titin da ya bi bayan maƙabarta, tana tafiya a miƙe kamar mai zuwa karɓar kyauta. Wando kuwa ɗaya ta saya, baƙi, mai kyau. Na ce ta ƙara na biyu, ta ce kwana biyu kacal za ta yi, ita ba mai ɓarna ba ce, kuma wa ya fi ta sanin yadda ake busar da wando.

Ranar Juma'ar nan zafi ya yi zafi. Masara ta fi mutum tsayi hagu da dama, iska ba ta motsi, gumi yana fita amma ba ya bushewa. Na hau kusa da ita. Da farko sai waƙa take, tana ɗaga wa manoma hannu, tana tambayar ashe haka duniya take daga kan sirdi. Can wajen tsakar rana waƙar ta tsaya. Ta fara gyara zama, ta karkata hagu, ta karkata dama. Na tambaye ta lafiya, ta ce lafiya lau, in kula da gabana.

A gonar Lyle Boeckman da matarsa Ardis muka sauka a ranar, mutanen da suka saba ba mu farfajiyarsu da famfonsu duk shekarar da hanya ta bi ta wajensu. Abu na farko da na lura da shi shi ne shiru. Mun sauka, mun zube kan ciyawa, babu wanda ya ce mana mu cire shi tukuna. Na biyu, Marlys ta sauka daga kekenta tana tafiya kamar wadda ta riƙe tukunyar zafi tsakanin gwiwoyi. Na uku, ta canza kaya ta ɗauki ƙaramin baho ta zagaya bayan rumfar tarakta ita kaɗai, ita da ba ta taɓa wanki a ɓoye ba.

Ni da Connie muka dubi juna muka bi ta. Mun same ta durƙushe, tana ƙoƙarin tura wani farin abu ƙarƙashin tawul. Connie ta fi ta sauri. Ta ɗago shi da yatsa biyu: kamfai ne na auduga, babba, fari tas, da leshi a baki.

"Goggo," in ji Connie, "wannan tutar wace ƙasa ce?"

"Ajiye mini kayana, marar kunya."

"Ke da kike jan 'ya'yan mutane bayan mota kina musu raɗa?"

"'Ya'yan mutane na ce, ai ban ce ni ba." Marlys ta sunkuyar da kai kan bahon. "Uwata ba ta haife ni in fita titi haka ba. Na gwada a ɗaki, na kai bakin ƙofa, ƙafata ta ƙi fita."

Connie ta zauna daɓas a ƙasa tana dariya har hawaye. Ni ma na so in yi, sai na tuna irin tafiyar da Marlys ta yi da ta sauka daga keke. Duk atisayen da ta yi a bayan maƙabarta gajere ne, da sanyin safiya, shi ya sa abin bai taɓa kama ta ba. Yau ya kama. Ta ce a hankali, ba ta dube mu ba, ko dai gobe ta koma tuƙin motarta, dama can wurinta ke nan. Nan take dariyar Connie ta ɗauke.

Muka kai ta banɗakin Ardis. Ba zan yi bayanin abin da ba nawa ba. Iyakar abin da zan rubuta shi ne fatar ta yi ja ta gurje layi biyu, amma ba ta fashe ba. Wannan ya ba mu fata. Abin da ake bukata ita ce ta koya mana shi: a wanke da ruwa mai ɗumi, a bar wurin ya sha iska har safe cikin siket mai faɗi, a shafa mai, gobe kuma a shiga wando mai tsabta wanda ya bushe ƙayau. Ardis ta kawo gwangwanin man da suke shafa wa nonon saniya in ya tsage, ta ce duk gundumar babu abin da ya fi shi. Marlys ta san shi tun tana yarinya, ta karɓa ba gardama.

Saura wandon. Muka wanke shi da sauran, muka yi rawar tawul a kansa mu uku a jere, muka ɗaura igiya. Ba mu gama maƙala na ƙarshe ba sama ta yi baƙi daga yamma, iska ta kwantar da masara, ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Muka kwashe kaya da gudu zuwa baranda. Da ya tsagaita sai ya bar yayyafi da wani danshi mai nauyi, irin wanda ko hankici ka rataya zai kwana jiƙe. Mu duk muna da na canji a jaka. Marlys ɗaya gare ta.

Connie ta shiga tanti ta fito da nata na ajiya, wankakke, ta miƙa. Marlys ta dube ta kawai, Connie ta mayar da shi. Wata daga cikin 'yan matan ta ce a shiga gari a sayo sabo wurin masu rumfa. Aka tuna mata cewa sabon wando ma sai an wanke shi kafin ya taɓa fata, mun koma gidan jiya ke nan, kuma ba a gwada yankan da jiki bai sani ba a kan gurjewa. Sai Ardis, baiwar Allah, ta ce ai ga injin busarwa a ɗakin ƙasa, ba ya ɗaukar lokaci. Na tambaye ta ko ana rage masa wuta. Ta ce maɓallin ya daɗe da lalacewa, wuta ɗaya ya sani, wadda ke busar da kayan aikin Lyle.

Marlys ta tsaya da jiƙaƙƙen wandon a hannu tana kallon matakalar ɗakin ƙasa. Sai muka ji ta ce, ƙasa-ƙasa, "Sau ɗaya dai ba zai kashe shi ba."

Ban taɓa ganin ƙungiyarmu ta haɗa kai da sauri haka ba. Kafin ta ɗaga ƙafa mata huɗu sun tare bakin matakalar. Kowacce ta dinga mayar mata da maganarta: zafi yana ƙona roba, soso yana tattarewa ya yi tudu, tudu ɗaya a kan sirdi ya ishe ki. Wata har muryarta ta kwaikwaya. Connie ta zare wandon daga hannunta ta ɓoye a bayanta, ta ce yau an yi juyin mulki, Goggo ta je ta zauna, ko kuma ta tsaya, duk wanda ya fi mata sauƙi.

Duk wannan Lyle yana kujerarsa a ƙarshen baranda yana cin dafaffiyar masara, yana yi kamar ba ya ji. Mutum ne da ba ya son a ce ya san abin da mata ke tattaunawa. Sai da ya gama, ya goge man shanu daga gemunsa, sannan ya ce wa matarsa, ba mu ba, in iska ake nema ba wuta ba, ai rumbunsa na tsakiya babu komai a ciki har zuwa lokacin girbi.

Muka bi shi cikin yayyafi. Rumbun ƙarfe ne mai tsayin bene, ƙasansa faranti mai ƙananan huji, a waje kuma ga wata ƙatuwar fanka da ke tura iska ta ƙarƙashi ta ratso hujin ta bi cikin masara ta fita ta sama. Da muka leƙa ta ƙaramar ƙofar, Marlys ta shafa bango da yatsa ta duba, ta ce ƙaiƙayi. Ta ce ƙwayar ƙaiƙayi ɗaya ta shiga soso, gara kamfai goma. Nan da nan aka rarraba tsintsiya da tsumma. Muka share, muka goge iyakar inda hannu ya kai, muka fito, Lyle ya kunna fankar ta yi ta hurawa har sauran ƙurar ta fice ta sama. Marlys ta sake shiga ta shafa yatsa, ta shafa kuma a wani wurin, ta gyaɗa kai.

Aka ɗaura igiya daga tsani zuwa ƙugiyar ƙofa. Tun da wuri ya samu, kowa ta kawo nata. Na Marlys muka sa a tsakiya, baibai, da maƙali huɗu. Lyle ya tsaya wajen fankar ya ce akwai murhun gas a jikinta, in ya ɗan kunna shi kafin a ci abinci an gama. Amsar da ya samu daga bakin mata goma sha wani abu a lokaci ɗaya ta sa ya janye hannunsa kamar ya taɓa maciji.

Da ya danna maɓalli, rumbun ya ɗauki ruri. Muka cusa kai ta ƙofar, kai bisa kai. Wanduna suka cika da iska suka miƙe, ƙafafunsu na harbawa sama, duk suna tuƙa keken da babu shi. Na Marlys ya fi kowanne rawa. 'Yan matan suka fashe da shewa, Ardis ta riƙe ciki, shi kansa Lyle ya juya baya kafaɗunsa na girgiza. Marlys na tsaye cikin siket ɗin Ardis da ya yi mata yawa, iska na kaɗa furfurarta, ta ce ko ba komai wandonta ya riga ta isa kogi.

Gari na wayewa na same ta a bakin rumbun, ta riga kowa. Lyle ya kashe fankar. Ta ciro wandon, ta matsa soson da babban yatsa, ta kara shi a kumatu, ta ɗaga shi ga haske tana neman ƙaiƙayi. Ya bushe ƙayau, kuma laushinsa na nan. Na tambayi fatar, ta ce jan ya ragu. Na gaya mata sharaɗina a matsayin wadda za ta hau kusa da ita: in ta fashe, mota, babu jayayya. Ta ce ta ji.

Ta daɗe a cikin tanti. Mun gama shan kofi, mun duba iskar taya, ayari ya fara wucewa a kan titi, ba ta fito ba. Da ta fito, fuskarta ja kamar ta sabuwar shiga, tana jan rigarta ƙasa. Connie ta buɗe baki, na taka mata ƙafa. Marlys ta zo wurina ta juya mini baya ta nuna aljihun rigarta, inda wani farin abu yake a ninke cikin leda.

"Joleen, ke ce mai hankalin cikinsu," ta ce. "In mota ta kaɗe ni, ki sa mini shi kafin likita ya iso."

Na yi mata alkawari.

Gabashin jiha ba shimfiɗe yake kamar wajenmu ba, tudu ne bayan tudu. Ruwan jiya ya wanke sama, iska ta yi sanyi, hanya ta cika da kekuna iyakar ganin ido. Muka sa ta a tsakiya, biyu a gaba suna tare mata iska, ni a hagunta. Duk bayan ɗan lokaci Connie takan yi kira daga baya, mu duka mu miƙe kan feda mu ɗaga daga sirdi, don kada a ce Marlys kaɗai ke yi. Mutanen da ke wuce mu suka ɗauka wani salo ne, wasu har suka kwaikwaya. A garin farko ta shiga banɗakin coci da gwangwanin Ardis, ta fito ta ɗaga mini babban yatsa, ta ci kek ɗin matan cocin a tsaye. A gari na biyu ta ce in daina kallonta kamar takardar da ba a sa wa hannu ba.

Wajen azahar ta fara yin shiru irin na jiya. Muka iso wani dogon tudu, ta kai rabinsa keken ya fara layi, ta sauka. Na ɗauka shi ke nan. Na tambaye ta ko fatar ce. Ta ce fata lafiyarta ƙalau, gwiwa ce, kuma ba ta ji an ce haramun ne a tura keke ba. Sai muka sauka mu duka muka tura tare da ita, takalmanmu na ƙwas-ƙwas a kan kwalta. Wani saurayi ya wuce yana ce mana saura kaɗan, Connie ta ce masa ya gaida uwarsa.

Daga kan tudun muka hango Mississippi, fari yana ƙyalli tsakanin itatuwa, faɗinsa kamar ba kogi ba. Marlys ta tsaya tana kallo. Ta ce shekara da shekaru tana zuwa wurin nan ta hanyar manyan motoci, ba ta taɓa sanin ana ganinsa daga sama ba. Sannan ta hau, ba ta jira kowa ba, ta saki birki. Matar da ban taɓa jin ta ɗaga murya ba sai a kan wando, ita ce ke gangarawa tana ihu kamar yarinya a kan lilo, mu muna binta muna roƙon ta rage.

A bakin ruwa mutane sun yi layi. Da aka ji daga bakin Connie cewa wannan tsohuwar ta yi shekaru tana wanke wa wasu wando kuma yau ne karo na farko da ta iso kogin a kan keke, layin ya dare mata. Ta tura keken har tayar gaba ta nutse, ta bi ta da takalmanta, ruwa ya kai mata idon sawu. Ba ta iya ɗaga keken sama ba, sai muka kama mata, biyu ta nan biyu ta can. Mijin Connie ya ɗauki hoton. Shi ne hoto na farko a tarihin ƙungiyar da babu jaka a hannun Marlys.

Ta fito daga ruwa ta sami ciyawa ta zauna a hankali, ta miƙe ƙafa, ta lumshe ido, ta ce a ba ta kankana. Connie ta tsaya a kanta da tawul a kafaɗa.

"Cire shi tukuna," ta ce.

Marlys ta buɗe ido ɗaya ta dube ta. Sannan ta miƙo hannu aka tashe ta, ta karɓi ledarta daga aljihu, ta nufi bayan mota. Mu muka wanke mata wandon a ranar, tana zaune kan akwatin ƙanƙara tana cewa ruwan ɗaurayar bai fita ba tukuna.

Baho biyun da igiyar ta bar wa Connie. Keken da wandon suna cikin kayan da za su tafi Arizona. Makon jiya na je taya ta naɗe kwanuka, na ga sabon wando na biyu rataye a bayan ƙofa, an riga an wanke shi, baibai, yana jiran rana.